Lomar Farko

A tashar Garwa ne na lura cewa tun da muka tsallake iyaka hannuna bai bar aljihun ƙirjina ba. Wani Bafulatani mai tallar agogo da ke zaune kusa da ni a benci ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaye ni da Fulatanci ko ƙirjina ne ke ciwo. Na amsa masa da ɗan guntun Fulatancin da na tsinta wajen makiyayan da ke cin karan gonarmu a Paki, na ce lafiyata ƙalau, na kuma matsa can ƙarshen bencin. Ni a sanina ba a tambayar lafiyar baƙo a tasha saboda Allah. Da motarmu ta tashi tafiya sai ga shi ya miƙo mini ƙullin kanwa ta taga, wai in jiƙa in sha. Na karɓa na yi godiya, muna fita gari na wurgar. Haka nake, ba tun yau ba. Matata Hinde takan ce ko kaza ce ta yi ƙwai a gidanmu sai na tambayi wanda ya sa ta.

Abin da ke aljihun ba kuɗi ba ne. Wani ɗan ludayi ne na ƙaho, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, an zagaye bakinsa da jan ƙarfe. Na mahaifina ne, shi ma gadon kakansa ne, kuma saboda shi ne tafiyar da na fito neman abinci ta zame mini tafiya biyu.

Sunana Haladu. Dafa mazarƙwaila ce sana'ata. Idan rake ya nuna, daga fadamun Makarfi har na Kudan babu inda ban hura wuta ba. Mahaifina Malam Idi ne, amma in ka shiga Paki ka tambayi Malam Idi sai an yi ta kallon-kallo. Yarima ake ce masa. Rabin masu kiransa haka girmamawa suke yi, rabi kuma dariya ce a cikinsu. Asalin abin, kakansa baƙo ne da ya zo daga gabas yana saurayi, daga wata ƙasa da ake kira Dumrai a cikin Chadi ta yanzu, lokacin da Turawan Faransa suka fasa garin suka soke sarautar. Bai zo da komai ba sai ludayin nan da maganar cewa daga gidan sarki ya fito. Kafin maganar ta iso kan Baba ta yi ƙiba: kakan ya zama ɗan sarki, ya zama magajin gado, Baba kuma ya zama wanda ba don Turawa ba da shi ke kan karagar Dumrai. A kasuwar Ikara 'yan tumatir kan tsokane shi su ce yaushe ne naɗin, su fara shirin ɗinki. Murmushi kawai yake yi, ya gyara zaman hularsa.

Hujjarsa ɗaya ce, kuma kullum da ita muke cin tuwo. A gidanmu ba mai sa hannu a abinci sai Baba ya fara. Zai zauna a hagun ƙofar zaure, ya ɗebi miya da ludayin nan ya kurɓa, ya yanki loma guda ya haɗiye, sannan ya ɗora hannuwansa a kan gwiwoyinsa ya yi shiru. Mu ma shiru, muna kallon tururin tuwo yana kwanciya. Sai ya ga dama zai ɗaga kai ya ce, "Ku ci, lafiya." Ko kunun yaye ne sai ya bi ta wannan hanya, balle abincin da maƙwabta suka aiko. In mun yi ƙorafi ya ce haka ake yi a gidan sarauta, sarki ne ke fara ci, talakawa su jira. Tun ina yaro ban taɓa cin tuwo da zafinsa ba, kuma tun ina yaro ban yarda da labarin ba. Zargina shi ne kakan nan baƙo ne da ke neman a ba shi mata da gona, ya ga ba a ba marar asali, sai ya ƙera wa kansa.

Lokacin tafiyata ƙafafun Baba sun riga sun ƙi, idonsa ma saura kaɗan. Da ya ji Chadi za ni sai ya sa aka bar mu mu biyu, ya damƙa mini ludayin.

"Ba sarauta nake nema ba, Haladu," ya ce. "Wa zai naɗa makaho? Ka je ka nuna musu wannan. So nake in ji daga bakin mutanen can cewa ba a kan ƙarya na tsufa ba. Kada ka daɗe kuma, ka ga yadda nake."

Na ce to. Abin da ban faɗa ba shi ne tsoron da ke raina: in na je na tarar ni ke da gaskiya, da wane baki zan dawo.

Wanda ya ɗauke ni aiki wani ne Alhaji Sale da na haɗu da shi a kasuwar Makarfi. Bakinsa zaƙi, ya ce yana da gonar rake a bakin wani kogi a kudancin Chadi, injin matsa na nan, mai dafawa ne babu. Tun daga Yola nake auna shi. Ba ya cin abinci tare da ni, waya ba ta barin kunnensa, kuma duk sanda na matso sai ya sauya yare. A Yagwa muka shiga kwalekwale muka haye zuwa Bongor, ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Na riƙe gefen jirgin da hannu ɗaya, ɗayan yana kan aljihu. A gaɓa jandarmomi, 'yan sandan can, suka zazzage mu. Wani dogo ya zaro ludayin, ya shinshina, ya ɗaga shi a rana, ya yi wata magana da Faransanci 'yan'uwansa suka kwashe da dariya. Alhaji Sale ne ya sa baki aka mayar mini. Sai dai daga ranar idonsa bai sauka daga aljihuna ba. Ya ce ya san masu sayen kayan da a babban birni, in kawo ya ajiye mini kada ya ɓata. Na ce ai na ba yara magani ne, mantuwa ta sa na taho da shi. Ya yi dariya, ni ma na yi, kowa ya san ɗan'uwansa ƙarya yake.

Gonar tana nan, a wannan kam bai yi ƙarya ba. Raken ma, ko da yake ba na son faɗa, ya fi na Kudan kauri. Ga inji, ga tukar rake ta hura wuta tuli guda. Abin da ban gani ba shi ne 'yan kwanukan da ake zuba mazarƙwaila ta daskare. Na tambaya aka ce suna hanya. Aka ce kafin su iso in riƙa yi wa ruwan rabin dahuwa, kada ya yi kauri, wasu za su kwashe. Suna kwashewa su kai bayan wata zana da aka hana ni leƙawa, wai ma'ajiyar taki ce. Ni dai ban taɓa jin taki mai warin tsami ba. Da na leƙa, domin dole ne in leƙa, sai na tarar da manyan duro a jere, da bututu, da kwalabe. Ashe barasa nake dafa wa tushe, ni da nake jan sallah a bukkar masu aiki in babu wanda ya fi ni karatu.

Alhaji Sale bai ko ji kunya ba. Ya ce ni rake nake dafawa, abin da ya biyo baya ba a wuyana yake ba, kuma katin shaidata na wurinsa, in ina ganin zan wuce shingen jandarma ba shi, ga hanya nan. Na yi makonni a wurin ina dafa abin da na riga na sani, ina jin kaina kamar wanda ya taka kashi da sabon takalmi. Ba ni da abokin hira. Ma'aikatan yarensu daban, abincinsu tuwon dawa ne da miyar busasshen kifi mai yauƙi, ba laifi, amma duk loma sai ta tuna mini da miyar Hinde da daddawar Hunkuyi. Har hayaniyar 'yan acaɓan Ikara da nake zagi na yi kewa. Suna kuma yi mini dariya in an kawo abinci, domin ashe ni ma ban tsira ba: sai na kurɓi miya, na ci loma, na ɗora hannu a gwiwa na yi jim kafin in ci gaba. Jiki ya riga ya saba, ko da zuciya ba ta yarda ba.

Wata safiya motar gawayi ta tsaya ɗiban ruwa a bakin gonar. Na bar wa Alhaji katin da tabarmata da sauran tarkacena, na haye kan buhuna da rigar da ke jikina.

Neman Dumrai ya fi barin gonar wuya. Mutum na farko da na tambaya ya ce ba a taɓa yin gari mai wannan suna ba. Na biyu ya ce an yi, amma ya mutu. Wani direba ya rantse ta nan zai wuce, ya sauke ni a wata mararraba da babu ko inuwa, ya nuna mini gabas da haɓa ya ja motarsa. Duk inda na hango shinge sai in sauka in zagaya ta daji in tari hanya a gaba, har ƙaya ta gama da silifas ɗina. A wani ƙauye wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta ga leɓena ya tsage, ta ba ni ruwa a ƙwarya da dabino cikin tafi. Ba ma jin yaren juna. Na tsaya ina neman abin da take so a wurina, na duba hagu na duba dama ko akwai masu jira in sha in faɗi. Babu kowa sai akuyarta. Na sha, na kasa kallon idonta don kunya, kuma har yau ina sa ta a addu'a ban san sunanta ba.

Dumrai da na isa ba ta kai Paki ba. Ragowar ganuwa ce da awaki ke hawa, da 'yar ƙaramar kasuwa, da dogon ƙarfen waya a tsakiyar gari. A bakin kasuwar na ji wani mai shayi yana yi wa butarsa faɗa da Hausa, ƙafafuna suka kai ni wurinsa ba da shawarata ba. Malam Garba sunansa. Iyayensa masu tafiya Makka ne a ƙasa da suka yada zango a nan ba su sake tashi ba. Bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, Hausarsa irin ta tsofaffi ce. Ya ba ni shayi da wurin shimfiɗa a rumfarsa. Na yi kwanaki ina wanke masa kofuna ina karantarsa kafin in buɗe baki, kuma ko da na buɗe ban nuna ludayin ba. Na ce dai an ce kakanmu ɗan sarkin garin nan ne.

Sai ya ajiye buta ya leƙa waje. Ya ce in ina son in koma gida da ƙafafuna kada in sake maimaita wannan magana. Sarauta dai babu ita tun zamanin Turawa, gwamnati ba ta san da ita ba, ba haraji, ba shari'a, ba ko dogari ɗaya. Amma sunan na nan, kuma a kan sunan kawai gidaje biyu na jikokin sarki ba sa ga maciji da juna. Lokaci-lokaci kuma sai wani ya ɓullo daga wata ƙasa da rawani a jaka ya ce shi ne magaji. Wanda gari ya sani shi ne Sultan Abakar, tsohon malamin makaranta, yana zaune a kusurwar da ta rage ta tsohuwar fada. Mahaifinsa ya ci abincin suna a ɗaya gidan, ya dawo bai ƙara tashi ba. Yayansa ma ciwon ciki ne na yini guda ya tafi da shi. Ko guba ce ko ajali, Malam Garba ya ce shi mai shayi ne, bai sani ba. Amma tun daga nan Sultan ba ya cin abin da hannun wani ya taɓa, har na ƙanwarsa Hajja Maryam da ke riƙe da gidan. Ƙwai yake dafawa da kansa ya ɓare, sai dabino, sai shayin da ya haɗa da hannunsa.

Na saurara ina jujjuya maganar. Me zai sa mai shayi ya tsorata ni haka in ba sa shi aka yi ba? Na yanke a raina cewa ɗan leƙen asirin gidan Sultan ne, aikinsa ya kori masu haƙƙi tun daga bakin kasuwa. Abin dariya, ni da na girma ina ƙaryata Baba, tsoratarwar nan ce ta fara sa ni tunanin ko yana da gaskiya.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ake zuwa gaida Sultan, kowa da kowa har baƙi. Malam Garba ya yarda ya raka ni ya yi mini tafinta, bisa sharaɗin ba zan ce uffan game da kakanmu ba. Na yi masa alkawari.

Zauren rabin rufinsa ya zube, an tokare sauran da itace. Sultan na zaune a kan darduma, farar rigarsa wankakkiya amma ta sha jiki, tabarau a kan hanci. Ban taɓa ganin mai rai da rama irin tasa ba. Wuyansa kamar raken da aka gama matsewa. Dattawa kaɗan na gefe. Muka durƙusa muka yi doguwar gaisuwa, shi kuwa ba fuskata yake kallo ba, hannuwana yake kallo. Ya tambayi wanda ya aiko ni, da inda na sauka, da ko na taɓa shiga ɗaya gidan. Na ce ni mai dafa rake ne daga Najeriya, hanya ce ta jefo ni. Ya ce ba a noman rake a Dumrai. Na ce na lura. Kowa na jiran ɗan'uwansa ya yi kuskure.

Ana haka aka shigo da abinci, tuwon gero da miyar kuɓewa da nama, aka dire a gaban Sultan. Malam Garba ya raɗa mini cewa haka ake yi duk Juma'a: Hajja Maryam ta dafa, a ajiye a gabansa don al'ada, ya ɗaga hannu a janye a ba baƙi. Kafin ya ɗaga hannun ba mai motsi.

Nan wata dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ɗauka ba a taɓa yin mai wayona ba. An hana ni magana, ba a hana ni ci ba. Sarki ne ke fara ci. In Baba ne magaji, ni ne wakilinsa a zauren nan. Bari in yi abin gidanmu a gabansu, in ga fuskar da za ta canza. Na zaro ludayin, na ja gwiwa har gaban akushin, na ɗebi miya na kurɓa, na yanki loma na haɗiye. Na koma hagun ƙofa, don nan jikina ya kai ni, na ɗora hannuwana a gwiwa.

Na jira a taso mini. Ba wanda ya tashi. Malam Garba ya daskare, dattawan sun zuba wa ludayin ido, Sultan ya cire tabarau. Shirun ya yi tsawo har tururi ya kwanta, bakina kuma ya faɗi abin da kunnena ya saba ji tun kafin in yi wayo: "Ku ci, lafiya."

Sultan ya tambayi me na ce. Malam Garba ya fassara. Daga bayan labulen ƙofar cikin gida sai wata tsohuwa ta yi wata gajeriyar magana, ta fashe da kuka. Hajja Maryam ce.

"Me ta ce?" na tambayi Malam Garba.

"Ta ce mutanen ludayi sun dawo."

Sultan ya jawo akushin da hannunsa. Ya yi bisimilla ya fara ci, a hankali da farko, sannan hannu baka hannu ƙwarya, miya na bin gemunsa bai damu ba. Dattawan suka sunkuyar da kai don kada su gani. Ni kuwa sai na gane ba fushin da na zo nema ba ne wannan. Murna ce, kuma ba a yi wa abokin takara murna.

Bayan Sultan ya wanke hannu ya sa na matso, ya karɓi ludayin ya jujjuya, ya mayar mini da hannu biyu. Ya ce a Dumrai sarki bai taɓa fara cin abinci ba. Akwai gida guda da aikinsu ke nan daga kaka har jika: su kurɓi miyar sarki da ludayin ƙaho, su ci lomar farko, su zauna a hagun ƙofa inda kowa ke ganinsu, a jira. In sun ce lafiya, sarki ya ci. In sun faɗi, an san abin da ke cikin akushi. Ranar da Turawa suka fasa ganuwa kowa ya yi ta kansa. Mai ludayin na lokacin saurayi ne, ya yi yamma, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya ce tun daga ranar gidan nan da tsoro yake cin abinci.

Na ce wa Malam Garba ya tambaye shi ko mai ludayin yana da jinin sarauta, ko da ta wajen uwa ne. Malam Garba ya ƙi, sai da na matsa. Sultan ya dube ni da tausayi, abin da ya fi zagi ciwo.

"Ko ɗigo," ya ce. "Bayi ne, sayo kakansu aka yi. Amma ba a taɓa sayar da ɗayansu ba, kuma ba a binne su nesa da sarki."

Na daɗe ina so a tabbatar mini labarin Baba ba gaskiya ba ne. Ga shi an tabbatar, kuma ban ji daɗi ko kaɗan ba. Haushi na ji, da kunya, da tausayin tsohon da ke zaune a Paki yana jiran in kawo masa shaida.

Ban yarda nan take ba, kada a ɗauka na canza hali. Na ce ƙila shiri suka yi su kashe maganar gadonmu, su kuma sami bawa a ɓagas. Na bi tsofaffin kasuwa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da Malam Garba ba, ina tambaya da hannu da guntun Larabcin allo. Duk wanda na nuna wa ludayin sai ya kai hannu baki, sannan ya ɗora a gwiwa. Wani ya ja ni bayan fada ya nuna mini kaburbura a jere ta wajen ƙafafun na sarakuna. Sun fi na sarakunan yawa nesa ba kusa ba.

Sultan ya roƙe ni in zauna in riƙa ɗanɗana masa abinci, na kasa ce masa a'a kai tsaye, na yi masa 'yan makonni. Labari bai daɗe ba ya kai ɗaya gidan. Wani mai ƙamshin turare ya tare ni a kasuwa ya gaishe ni kamar mun taso tare, ya tambayi lafiyar Sultan da irin miyar da ya fi so, ya bar mini ƙunshin tsire. Na ba kare, na zauna ina kallon karen har la'asar. Bai mutu ba, amma ban fasa zargin mutumin ba. A zauren Sultan ne na san abin da Baba bai sani ba. A gidanmu shirun nan jiran yunwa ne kawai. A Dumrai, inda mutum biyu suka riga suka tafi, in na haɗiye loma sai in bi ta da hankalina har ciki, ina sauraron ko wani abu zai murɗa. Gumi ya keto mini, hannuwana su danne gwiwa don kada a ga suna rawa. Ashe amfanin hannu a gwiwa ke nan.

Sultan ya fara yin kumatu. Da na ce lallai zan tafi, mahaifina ba lafiya, bai hana ni ba, ludayin ma bai nema ba. Hajja Maryam ce ta fito da cokalinta na ƙarfe ta ce daga yau ita za ta riƙa yi. Ba a taɓa jin 'yar sarki ta ɗanɗana wa wani ba, amma ta gaji da dafa abin da ake janyewa. Malam Garba, wanda na yi wa kallon ɗan leƙen asiri har ranar ƙarshe, shi ya haɗa ni da masu kai shanu Najeriya, na biyo su ta hanyar da ba a tambayar kati.

Duk tsawon hanyar ƙarya nake ƙerawa. Zan ce garin ya watse ban sami kowa ba. Ko in ce sun karɓe ni hannu bibbiyu, in tsaya a nan. Daga Mubi zuwa Kano na gyara labarin ya yi sumul, daga Kano zuwa Paki ya rushe, domin na san Baba: ido ne ya tafi, kunnensa na nan, kuma ya san muryata in ina ƙarya tun ina satar rake.

Na iso da hantsi. Yana zaure, a hagun ƙofa, ya ƙara ƙanƙancewa. Maƙwabta suka cika gidan da barka da zuwa, wasu na tambaya cikin raha ko na taho da rawanin. Na ce akwai gajiya, sai an huta. Baba bai tambaye ni komai ba a gabansu, hannuna kawai ya riƙe yana shafawa. Inna, mahaifiyata, ta ce tun da na tafi da ludayin da cokali yake yi, kullum yana ƙorafin miya ba ta daɗi a ƙarfe.

Bayan azahar aka kawo tuwon masara. Ƙanena Sani da 'ya'yanmu suka zagaye kwanukan, kowa ya ɗora hannu a gwiwa. Baba ya miƙo tafinsa wajena.

Ban ba shi ba. Na ja gwiwa gaban kwanonsa, na ɗebi miya na kurɓa, na yanki loma.

"Yaya, Baba fa na raye," in ji Sani. "Kai za ka fara?"

Na yi kamar ban ji ba. Na jira har tururi ya kwanta, sannan na tura kwanon har ya taɓa gwiwar Baba.

"Ci, Baba, lafiya."

Bai taɓa ba. Ya juyo da fuskarsa inda muryata take.

"Haka suke yi a can?"

"Haka, Baba. Sun gane ludayin tun kafin in yi magana. Sai dai a can sarki ba ya fara ci. Akwai mai ɗanɗana masa, saboda guba."

Na so in ƙara da kaburburan, da yadda Sultan ya mayar mini da ludayin da hannu biyu, amma ya ɗaga yatsa.

"Bawa ke nan."

"Bawa, Baba."

Inna ta toshe baki da gefen mayafinta. Sani ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, na kashe shi da bakina, da na sani na bar shi da sarautarsa.

"Kakana a nan yake zama," Baba ya ce a hankali, yana dafa ƙasa. "Ina ƙarami ina kallonsa. In ya haɗiye sai gumi ya keto masa, ko da sanyi ake. Na ɗauka kwarjini ne." Ya sake dafa ƙasar. "Ba shi da sarki a Paki. To wa yake yi wa?"

Yaran na nan zaune yadda aka koya musu, hannu a gwiwa, ido a kan tuwo, ba ka jin komai sai haɗiyar yawu. Baba ya karkata kai yana sauraronsu. Sannan ya ture kwanon da na tura masa gefe, ya sake miƙo tafinsa, wannan karon ba roƙo a ciki.

"Ba ni ludayina, Haladu. Ba ka ɗanɗana na yara ba."

Na sa masa a hannu. Sani ya matso da kwanon yaran. Baba ya lalubi bakinsa, ya kurɓa, ya ci lomarsa, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Muka jira shi kamar kullum, har ya ɗaga kai ya ce mu ci, lafiya. Tuwon ya riga ya huce, kuma a karo na farko tun da na yi wayo ban ji haushin sanyinsa ba.